An ce an kashe jijiyar turmin Baba, to me ya sa har yanzu yake zogi?

Dan_Gujungu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin haƙori. Bara bayan girbi aka yi wa mahaifinmu aikin kashe jijiya a turminsa na sama, ɓangaren dama. Aka ce an wanke an cike, shi ke nan. Ya samu sauƙi na 'yan watanni. Yanzu ciwon ya dawo, ko tuwo ba ya iya taunawa ta wajen, ga wani ɗan ƙurji a dasashi, ya fashe ya sake tarawa. Mun kai shi wurin wani likitan daban, ya ce wataƙila akwai hanyar jijiya ta huɗu da ba a gano ba, sai mun je Kano an ɗauki wani hoto mai nuna haƙori ta kowace fuska. Abin da ya ɗaure mini kai, likitan farko saiwa uku ya nuna mana a hoto, da idona na ƙirga. Ta huɗun daga ina ta tsiro? Gaskiya ne ko hanyar cin kuɗi ce? Shi Baba cewa yake a cire kowa ya huta.

Direban_Hadejia:
Wa alaikumus salam. Maganar Baba ita ce magana. A cire. Ni biyu aka cire mini kuma ga ni ina cin kilishina.

Maman_Ilham:
Allah ya ba Baba lafiya. Amma ni ma abin ya ba ni mamaki, mutum ya tsufa sannan a ce sabuwar jijiya ta fito masa?

Likitan_Hakori_KN:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Malam Dan_Gujungu, ƙirgarka daidai take, kuma likita na biyun ma bai yi maka ƙarya ba. Saiwa daban, hanyar da ke cikin saiwa daban. Turmin sama na farko yawanci saiwa uku gare shi: biyu ta wajen kumatu, ɗaya gaba ɗaya baya, sai babbar ta wajen ganɗa. Cikin kowace saiwa akwai siririn rami inda jijiya da hanyoyin jini suke bi. Saiwar nan ta gaba ta wajen kumatu faffaɗa ce, ba zagayayya ba, shi ya sa sau da yawa ramuka biyu ne a cikinta. Na biyun shi muke kira MB2. Ba sabon tsiro ba ne, Hajiya Maman_Ilham, tun haƙorin yana ginuwa a ƙuruciya yake nan.
Kuma ba abu ne da sai jefi-jefi ake gani ba. A 2018 an wallafa wani bincike da aka yi da irin hoton da aka ce ku ɗauka, a yankuna 21 na duniya. An samu wannan hanya ta huɗu a kusan kashi 74 cikin ɗari na turamen sama na farko. Wato mai huɗu ya fi mai uku yawa. Ni idan na buɗe wannan haƙori, da niyyar huɗu nake shiga, sai in na nema na rasa.

Dan_Gujungu:
Na gode Likita. To in har ta fi yawa haka, ta yaya mai aikin zai wuce ta? Kuma me ya hana hoton farko nuna ta?

Mai_Daukar_Hoto:
Bari in amsa ta hoton, don nan ne wurin cin abincina. Ƙaramin hoton da ake sa wa mutum fim ko faranti a baki, inuwa kawai yake ɗauka daga gefe guda. Hasken yana shigowa ta kumatu ya fita ta ganɗa. Su kuma hanyoyin nan biyu a jere suke kan wannan layin, ɗaya ta wajen kumatu ɗaya ta ciki. Ka ɗauka mutum biyu ne suka tsaya, wani a bayan wani, kai kuma kana gabansu da waya kana ɗauka. Mutum ɗaya za ka gani. Sai ka ɗan matsa gefe kafin kafaɗar na bayan ta leƙo. Haka muke yi, mu karkata bakin na'urar kaɗan mu sake ɗauka, wani lokaci a dace.
Matsalar sama ta fi ta ƙasa ma, saboda ƙashin kunci yakan sauko kan hoton ya rufe ƙarshen saiwoyin, ga kuma inuwar kogon iskar da ke gefen hanci. Wani hoton ka ɗaga shi ga haske ka yi ta juyawa, saiwa ukun ma da ƙyar ka raba su.
Shi wanda aka ce ku ɗauka, CBCT sunansa. Mutum zai tsaya ko ya zauna, ya ɗora haɓarsa, na'urar ta zagaya kansa cikin daƙiƙoƙi, kwamfuta ta haɗa hotunan. Daga nan likita zai iya bin saiwar yanki-yanki daga sama har ƙasa. A yankin da aka ratsa saiwar, hanyar da aka cike fari tas take fitowa, wadda ba a taɓa ba kuma ɗan ɗigo ne baƙi a gefenta. Wani lokaci ɗigon ma ba ya fitowa, sai dai ka ga farin ya koma can gefe guda, ba a tsakiyar saiwar yake ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa likita zargi.

Kawu_Manomi:
Ikon Allah. Duk wannan a cikin haƙori ɗaya.

Likitan_Hakori_KN:
Kan yadda ake wuce ta kuwa, kada mu yi saurin zagin mai aikin farko. Bakin MB2 ƙarami ne ƙwarai, yana kusa da babbar hanyar da kamar milimita 1 zuwa 3, kuma yawanci wani ɗan leɓen ƙashin haƙori ya rufe shi, sai an kankare a hankali kafin ya bayyana. Ga shi can cikin baki ne, ta madubi ake aiki. Sannan shekaru suna da tasiri. Haƙori yana ci gaba da shimfiɗa sabon ƙashi daga ciki muddin yana raye, ramukan suna ta tsukewa. Na matashi a buɗe suke, na dattijo kamar Baba wani sa'in allurarmu mafi siranta ma sai da lallami take shiga.
Akwai wani likita a Amurka, Stropko, da ya wallafa lissafin aikinsa a 1999. Da farko yana samun ta a kusan kashi 73 na turamen farko. Da hannunsa ya faɗa, ya kuma riƙa amfani da madubin ƙara girma kullum, sai ya kai kashi 93. Haƙoran ba su canza ba. To ka auna da wanda yake aiki a asibitin ƙaramar hukuma, wuta ta ɗauke, yana haskawa da fitilar waya, layi kuma har waje.

Direban_Hadejia:
Ai ka ga Likita da bakinka ka faɗa. In Bature mai kayan aiki yana wuce ta, mu nan me ya kai mu? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A cire kawai.

Yar_Kazaure:
Malam Direba, cirewar ma ba wasa ba ce a turmin sama. Yayata aka cire wa a wani shago a kasuwa, saiwa ɗaya ta karye a ciki, mai cirewar ya yi ta tono. Da ta koma gida ta kurkure baki sai ruwa ya riƙa fitowa ta hanci. Mun ɗauka aljanu ne wallahi. Sai da aka kai ta babban asibiti aka ɗinke wurin.

Nas_Birnin_Kudu:
Abin da ya sami yayarki sananne ne. Saiwoyin turamen sama suna dab da kogon iskar nan da Mai_Daukar_Hoto ya ambata, a wasu mutanen ɗan siririn ƙashi ne kawai a tsakani. In aka fizga da ƙarfi sai a huda. Shi ya sa ma wani zai zo da mura mai nauyi yana cewa duk turamensa na sama ciwo suke, in ya sunkuya ya fi ji, alhali haƙoran lafiya lau. Wani kuma akasin haka, hanci ɗaya ne kullum a toshe yana wari, ana ta ba shi maganin mura, ashe ruɓaɓɓen turmi ne yake zuba a kogon.

Sarkin_Aska_Garki:
Ni gadon gidanmu ne wanzanci, kuma mahaifina ya cire haƙora ba adadi. Amma shi kansa yakan ce na ƙasa da na gaba su ne namu, turmin sama in bai yi girgiɗi ba kada ka taɓa. Akwai wasu da ya ajiye a gwangwani, muna yara muna kallo. Wani saiwoyinsa uku a baje kamar za su gudu daga juna, wani kuma duk sun manne wuri guda. Yanzu ni ba na cirewa, asibiti nake turawa, kaciya da ƙaho sun ishe ni.

Dalibar_BUK:
Ranka ya daɗe Sarkin Aska, waɗanda ka ga sun manne ɗin nan galibi turmi na biyu ne ko na uku. Na biyu saiwoyinsa sun fi matsowa kusa, sukan haɗe, kuma hanya ta huɗu ba ta kai yawan ta na farko ba, ko da yake ana samu. Na ukun kuwa, mai fitowa bayan shekara 17, ba shi da tsari, kowa da irin nasa.
Mu a aji har yanzu rabe-raben hanyoyin jijiya da wani likitan haƙori, Vertucci, ya yi a 1984 muke haddacewa. Haƙora 2,400 ya bincika, aka sa su a sinadari har suka zama garau ana ganin cikinsu, aka ɗura rini a hanyoyin. Ya fitar da iri takwas. Akwai hanya ɗaya tak daga sama har ƙasa. Akwai biyu da suke farawa daban su haɗe kafin ƙarshe. Akwai biyu da kowacce take fita da ƙofarta. Akwai ɗaya da take rabuwa biyu a can ƙasa, har da mai rabuwa ta haɗe ta sake rabuwa. Ranar da aka fara nuna mana hotunan sai da na ji tausayin duk wanda na taɓa cewa bai iya aiki ba.

Baban_Khalifa:
To ni tambayata, wadda aka yi mini shekaru da yawa uku aka cike, kuma ko gezau. Ke nan ni ba ni da ta huɗun?

Likitan_Hakori_KN:
Ko dai ba ka da ita, ko kuma taka irin mai haɗewa ce da ɗalibarmu ta faɗa. In biyun sun haɗe kafin ƙarshen saiwa, aka cike babbar da kyau, to an toshe ƙofar fitar, sau da yawa a zauna lafiya. Wadda take da ƙofarta daban ita ce mai tayar da hankali, domin ƙwayoyin cuta suna zaune a ciki suna zuba a ƙashi. Tunda ba ka jin komai, kada ka je neman rigima, sai dai a riƙa dubawa lokaci-lokaci.

Maman_Ilham:
Ni fa tun tasowata cewa ake tsutsa ce take cin haƙori. Akwai mai zuwa ƙauyenmu da hayaƙi, ya sa mutum ya buɗe baki kan kasko, sai ga tsutsotsi a ruwa.

Malamin_Firamare:
Hajiya wannan dabo ne. Irin da yake ƙonawa ne yake fashewa da zafi, ɗan farin zaren cikinsa ya faɗa ruwa. Ki ce ya yi ba tare da bakin kowa a wurin ba, za ki ga tsutsar ta fito.

Nas_Birnin_Kudu:
Gara ma mai hayaƙi da masu ɗiga ruwan batir. Mun ga wanda ya ƙone dasashi da kumatu da shi. Wasu kuma su danna ƙwayar asfirin a kan dasashi su kwana, da safe wurin ya yi fari ya saɓule. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna ɗan lafar da zafi kafin a isa asibiti, iyakarsu ke nan.

Dan_Gujungu:
Gaskiya Baba ma ya sha kafso ba iyaka. Duk ranar kasuwa sai an sayo masa a kemis, ja da rawaya, da filajil. Ƙurjin ya motse, bayan mako biyu ya dawo.

Likita_Hauwa_Dutse:
Sallama jama'a, yanzu na shigo na karanta daga sama. Malam Dan_Gujungu, a daina ba shi kafson nan haka. Magani ta jini yake tafiya, ramin da jijiyarsa ta mutu kuwa jini ba ya shiga. Maganin zai kwantar da abin da ya fito waje, gidan cutar yana nan. Ana ta sha kuma ƙwayoyin suna sabawa da shi, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.
Sai dai ina da ɗan saɓani da yadda zancen yake tafiya. Kowa ya kama MB2 kamar an riga an tabbatar ita ce. Ba mu ga haƙorin ba. Dattijo mai cin goro, mai tauna aya da ƙuli-ƙuli, wanda aka kashe wa jijiya ba a sa wa haƙorin hula ba, wato murfin da ake lulluɓe shi da shi, abu na farko da nake tsoro tsagewa ce. Haƙorin da aka huda ta tsakiya ya rasa ƙarfinsa, tsakuwa ɗaya a shinkafa ta isa. In saiwa ta tsage a tsaye, ko hanya goma ka gano ka cike aikin banza ne. Na biyu, cikon saman. Da yawa cikon wucin gadi ake sa musu a ce su dawo, ciwo ya lafa, damina ta kama, ba su dawo ba. Cikon ya zaizaye, yawu ya koma ciki, duk wankin ya lalace.
Shin an sa masa hula? Cikon yana nan daram?

Dan_Gujungu:
Hajiya Likita, ba a sa hula ba. An ce mu dawo, kuɗi ne bai samu ba. Wani farin abu ne a wurin, gefensa ya ɗan ɓalle. Goro kuwa sai dai in yana barci.

Likita_Hauwa_Dutse:
To ka gani.

Likitan_Hakori_KN:
Ban ƙi maganarki ba Hajiya, amma ai wannan ne ma dalilin hoton. An yi aiki, bai warke ba, ga ƙurji. Kafin a sa dattijo ya yi ta zirga-zirga daga Gujungu, gara a san me ke ciki. Hoton zai nuna a kan wace saiwa ƙashi ya cinye. In a ƙarshen saiwar gaba ta kumatu ne kaɗai, ga kuma hanya ba a cike ba, magana ta fito. Ƙungiyar likitocin jijiyar haƙori ta Amurka da ta masu hoton baki, a matsayar da suka fitar a 2015, ƙaramin hoto suka ce a fara da shi, amma irin wannan hali na aikin da bai warke ba yana cikin inda suka ce a yi CBCT mai ɗaukar ɗan yanki kaɗan.

Likita_Hauwa_Dutse:
Su suna da shi a ɗakin da ke kusa. Mu majinyacinmu sai ya sayar da akuya ya shiga mota. Kuma kai ma ka sani, hoton ba ya cika nuna siririyar tsagewa, musamman in akwai robar ciko a saiwar, sai ta yi ta watsa haske a hoton ta rufe abin da kake nema. Ni da zan fara, zan auna dasashin da ɗan ƙarfen awo zagaye da haƙorin. In ya zurma a wuri ɗaya siriri, tsagewa nake zargi. In zura ɗan sandar roba ta bakin ƙurjin in ɗauki ƙaramin hoto, zai nuna mini saiwar da mugunyar take fitowa. In ɗauki wani a karkace. In kuma na cire tsohon cikon na duba da tabarau mai ƙara girma, sau da yawa zan ga bakin hanyar da idona. Duk wannan ba ya buƙatar zuwa Kano. In na yi ban gane ba, sannan in tura.

Likitan_Hakori_KN:
In mai dubawar yana da tabarau ɗin da haƙurin yin haka, na yarda. Nawa ne suke da shi?

Mai_Daukar_Hoto:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa. Abin da Hajiya ta faɗa na watsa haske haka yake, ƙarfe ma ya fi roba ɓata hoto. Kuma ba kowace na'ura ce take fitar da MB2 ba. In aka ɗauki duk kai gaba ɗaya da saiti mai gwaɓi, siririyar hanya ɓacewa take. A gaya wa mai ɗauka haƙorin da ake nema, ya ƙuntata wurin. Sannan dattijo ya daure kada ya motsa, motsi kaɗan ya ɓata komai. In yana da haƙorin roba mai ƙarfe a cire.

Ummu_Sudais:
Don Allah hasken ba ya illa? Mu an ce mana hoto yana rage kwana, shi ya sa surukata ta ƙi yarda a yi mata.

Mai_Daukar_Hoto:
Kwana na Allah ne Hajiya. Hasken dai ba abin wasa ba ne, shi ya sa ba a yi sai da dalili. Ƙaramin hoton haƙori kaɗan ne ƙwarai. CBCT ya fi shi, amma galibi bai kai babban sikanin kai da ake yi wa wanda ya yi haɗari ba. Mai juna biyu ta faɗa kafin a fara, yara kuma an fi taka-tsantsan da su. Mun yi nisa ai. Wani masanin kimiyya, Röntgen, ya gano hasken a Jamus a 1895, ba a jima ba wani likitan haƙori Bajamushe, Otto Walkhoff, ya ɗauki nasa haƙoran, sai da ya yi minti 25 a gaban na'ura. Yanzu ƙiftawar ido ne. Shi CBCT na haƙori sai wajajen ƙarshen shekarun 1990 ya fito, daga Italiya da Japan.

Malamin_Firamare:
Likita, binciken da ka ce na yankuna 21, duk ƙasashen daidai suke? Ina nufin haƙorin baƙar fata da na Bature ɗaya ne?

Likitan_Hakori_KN:
Ba daidai suke ba Malam. Mafi ƙaranci a Benezuwela aka samu, kashi 48, mafi yawa a Beljiyam, sama da kashi 97. Zama namiji ko mace yana da hannu, shekarun mutanen da aka duba ma haka, domin an fi ganin ta a matasa. Amma ka lura ko a inda ta fi ƙaranci, kusan rabi ne.

Dalibar_BUK:
Abin da ya fi damuna ni shi ne yadda wannan haƙorin yake lalacewa tun farko. Turmi na farko yana fitowa yaro yana wajen shekara 6, can bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye sai su ɗauka shi ma na famfara ne, in ya yi kogo a ce ai zai zube wani ya fito. Ba ya zubewa. Shi ke nan har tsufa. Saiwarsa ma ba ta gama rufewa sai wajen shekara 9 zuwa 10. Muna ganin yara a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ɗan shekara goma sha, turmin ya riga ya zama kango.

Malamin_Firamare:
Wannan gaskiya ne. Ki zo bakin makarantarmu lokacin tara ki ga alawa da cingam da lemon leda. Da can aswaki ne a bakin kowa, yanzu ba aswakin ba burushin.

Kawu_Manomi:
Mu dai da gawayi da gishiri muka tashi, kuma ga haƙoranmu.

Maman_Ilham:
Kawu ai ku ba ku sha shayi mai cokali huɗu na sukari ba.

Direban_Hadejia:
Har yanzu ba wanda ya gaya mini laifin cirewa in a asibiti aka yi. An sake buɗewa, an sake wankewa, an sa hula, ga kuɗin mota, ga na hoto. Dattijo ya ce ya gaji. Ku bar shi mana.

Likita_Hauwa_Dutse:
Ba laifi ba ne, Malam Direba, wani lokacin ma shi ne daidai. In ya tsage, cirewa ce kawai. In bai tsage ba, sai a duba sauran bakin. Turmin farko shi ne mai ɗaukar nauyin tauna. In aka cire, na bayansa yakan kwanto cikin giɓin, na ƙasan da yake karo da shi ya yi ta tsawo tunda ba abin da ya tare shi, abinci ya riƙa maƙalewa. Dattijon da sauran turamensa suke nan lafiya zai iya rasa ɗaya ya ci tuwonsa. Wanda wannan ne ya rage masa a gefen, ka cire ka mayar da shi kan koko da fura. Kai da aka cire maka biyu, ka sa harshe ka taɓa na kusa da giɓin ka ji ko a miƙe suke.

Direban_Hadejia:
Ɗaya ya ɗan kwanta kam. Amma ba ya ciwo.

Nas_Birnin_Kudu:
Malam Dan_Gujungu, ko me kuka yanke, a gwada masa suga da hawan jini tukuna. Mai ciwon suga ƙurjin haƙori ba ya yi masa da sauƙi. Kuma in kun ga kumburi ya hau kunci ya nufi ido, ko zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta gagara, kada ku jira ranar kasuwa, ko tsakar dare ne ku nemi mota.

Dan_Gujungu:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Suga dai an taɓa gwadawa an ce babu, hawan jini ne yake ɗan taɓa shi. Turamensa na hagu biyu sun riga sun tafi tun tuni, da wannan gefen yake ci. Na karanta masa abin da kuka rubuta, ya ce shi dai ba zai je Kano ana tsakiyar shuka ba. Yayanmu kuma ya ce a je a yi hoton a huta da zato. Ni ina ganin mu fara komawa wurin likita na biyun a yi awon dasashin da Hajiya ta ce.

Likitan_Hakori_KN:
Tunda da shi kaɗai yake ci, ni dai ina nan kan a yi hoton kafin a sake taɓa shi. In za ku je, ku tafi da tsohon hoton da katin asibitin farko, a ga tsawon da aka cike.

Likita_Hauwa_Dutse:
Ku fara da awon. Kuma kafin nan a sake toshe inda cikon ya ɓalle, ya daina tauna goro ta wajen. A daka masa.

Sarkin_Aska_Garki:
Dattijo ya ci dakakken goro a gaban jama'a? Hajiya ba ki san mutanenmu ba.

Baban_Khalifa:
Likita, wata tambayar. Turmin ƙasa shi ma yana da irin wannan ɓoyayyiyar hanyar, ko na sama ne kawai? Matata ce aka ce za a yi wa na ƙasa bayan Sallah.

Dalibar_BUK:
Na ƙasa yawanci saiwa biyu ne, ta gaba mai hanya biyu, ta baya ɗaya ko biyu, wani lokaci har da ƙaramar ta tsakiya a saiwar gaba. Na farko ne ko na biyu za a yi mata? Don na biyun akwai wani fasali da yake zuwa da shi, hanyoyin su haɗe su lanƙwashe kamar harafin C, wankinsa daban ne.

Baban_Khalifa:
Bari ta dawo daga islamiyya in leƙa bakin in ƙirga.